Wufa A Motar Matar Aure

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, babu Alhaji, babu kishiya, babu uwar miji. Maganar waya da batir ce, da wani akwati da ke zaune a but ɗin motata. Sai a yi haƙuri a biyo ni, domin akwai abin ji a ciki, musamman ga 'yan uwana mata da suke tuƙi, waɗanda in an je gareji sai dai a ce musu "Hajiya kawo kaza," su miƙa.

A garin nan in aka ji mota ta wuce tana dum-dum har gilashin taga yana rawa, ba a ma tsayawa a duba mai tuƙin, an riga an yanke hukunci: yaro ne ɗan gata ya saci motar babansa, ko 'yan rakiyar ango ne. Shi ya sa da ƙawayena marubuta suka ji wai na sa wufa da amfilifaya a motata, waya ta yi ta shigowa. Wata ta ce, "Ke kuwa da girmanki, ga ɗa har ya shiga babbar makaranta?" Wata kuma ta ce ko dai wani sabon littafi nake yi wa bincike. Sai na ga gara in zauna in rubuta amsa ɗaya ta wadatar da kowa.

Ni haifaffiyar Funtuwa ce, aure ne ya kawo ni Kano. Duk wanda ya tashi a Funtuwa a shekarun 1980 ya tashi ne da kiɗan ƙwarya a kunnensa, ai garin Barmani Choge ne, Allah ya jiƙanta, ta rasu a 2013. A gidanmu ko ba a ɗauko masu amada ba, in ana biki ko suna matan gida su ne makaɗa. Za a cika baho da ruwa, a kife masaki a kai, wata gwaggo ta zauna ta sa hannu. Sauran ƙananan ƙore suna ta ƙwal-ƙwal a sama, shi kuwa masakin nan muryarsa daga ƙasa take tasowa. Muna yara, muna zaune a tabarma, ba da kunne kaɗai muke jin sa ba, ta cinya yake shigowa ya hau har ƙirji. Irin wannan jin ne mutum yake yi in aka buga tambari ranar hawan sallah.

To wannan muryar ta ƙasa ita ce babu a rediyon motata. Motar 'yar Kwatano ce, ƙirar 2008, rediyonta na kamfani lafiyarsa lau, labarai da hira tar kake jin su. Amma in na sa kiɗa sai in ji kamar miya babu daddawa, ga ganye ga gishiri, amma ba ta zauna ba. In muka hau titin Zariya za mu gida, tafiyar kusan awa 3, ƙarar taya da inji sai ta cinye ɗan abin da ya rage. In na ƙara murya sifikun ƙofa su fara ɓarɓar kamar an sa takarda a fanka, in isa Funtuwa da ciwon kai, kiɗan kuma ban ji shi ba.

Babban ɗana, da ke karatun lantarki a kwalejin kimiyya da fasaha, shi ya fara warware min zaren. Ya ce, "Umma, sauti girgizar iska ce. Kunnen mutum yana kama girgiza daga sau 20 a sakan ɗaya har zuwa sau 20,000. Siririn sauti irin na kuntigin Ɗan Maraya girgizarsa da sauri take, mai kauri irin na masakinki kuwa a hankali take, wani ma bai kai sau 100 a sakan ba. Kafin kunne ya ji wannan mai kaurin sai an tura iska mai yawa. Sifikar ƙofarki faɗinta inci 6 da rabi ne, kamar ki ce za ki hura wutar tukunyar biki da maficin wasan yara."

Ya ƙara da cewa ko sifikar ta so, rediyon ba shi da abin ba ta. Irin waɗannan rediyoyi na kamfani abin da suke bai wa kowace sifika a zahiri bai wuce wat 15 zuwa 20 ba, domin wutar mota bolt 12 ce, in inji yana aiki ta kai kamar 14. Ita amfilifaya aikinta ta ɗebo wuta kai tsaye daga batir, ta ɗaga ta a cikinta, ta karɓi ɗan sautin da rediyo ya ba ta, ta mayar da shi mai ƙarfin da zai iya motsa babbar sifika. Babbar sifikar nan da ba ta san komai ba sai sauti mai kauri, ita ce wufa.

Na ce masa to ni sharaɗina ɗaya, ba za a cire min rediyona ba. Maɓallansa suna jikin sitiyari, ya zauna daram a gurbinsa, ɓarawo in ya leƙo ba ya ganin abin sha'awa, in kuma na tashi sayar da motar ba za a ce an yi mata tiyata ba. Ya ce ana yi, sai dai a samu mai hannu.

Mun fara zagayawa shagunan kayan sauti a Sabon Gari. Wani yaron shago yana ganina ya jawo kwali an rubuta wat 3,000 da manyan jajayen lambobi, ya ce in haɗa da wufa biyu masu inci 15, "Hajiya, in kin taho daga Ƙofar Nassarawa sai an ji ki a Bata." Na ce masa ni ba tallar magani zan yi ba. Daga nan wani abokin maigida ya haɗa mu da wani dattijon mai gyaran wutar mota, irin waɗanda ake ce wa rewaya. Da muka gaisa na ce masa ashe sana'armu ɗaya, ni riwaya shi rewaya. Ya yi dariya ya ce, "To Hajiya, ke in kin yi kuskure sai dai a sake bugu, ni in na yi sai dai a kira 'yan kwana-kwana." Wannan maganar ita ta sa na ce ba zan bar motar in tafi ba. Aka ba ni benci a inuwa, na ciro littafina da biro, halin marubuci, komai ya taɓa sai na tambaya.

Abin da ya fara koya min shi ne karanta kwali. Ya ce babbar lambar nan ta talla ce, ƙarfin da na'ura za ta iya kaiwa na ƙiftawar ido, in ma gaskiya aka rubuta. Lambar aiki ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta da ƙananan haruffa, ita ce ƙarfin da za ta iya riƙewa tana tafiya. Muka tsaya a kan wufa ɗaya mai inci 10 da amfilifaya mai wat 300 na RMS. Ya duba wata lamba kuma da suke kira om, ya tabbatar ta wufar ta dace da abin da amfilifayar za ta iya ɗauka, domin in ta wufa ta yi ƙasa da yawa amfilifaya za ta yi ta zafi tana ɗaukewa, ko ta ƙone.

Sai maganar yadda sauti zai fito daga rediyo. Rediyon kasuwa yana da ramuka ja da fari a bayansa da ake soka wayar amfilifaya, na kamfani kuwa yawanci babu. Maganin wannan wani ɗan akwati ne da bai fi sabulun wanka girma ba, suna ce masa kwanbata. Ana jona shi da wayoyin sifikun baya, ya rage ƙarfin sautin zuwa daidai bakin amfilifaya. Wasu amfilifayoyin ma da shi ake ƙera su a ciki. Kafin ya taɓa komai sai da ya cire kan batir na nagatif, bayan ya tambaye ni ko rediyon yana neman lambar sirri, domin akwai motocin da in aka cire batir rediyonsu yana kulle kansa har sai an sa masa lamba. Wayoyin da ya jona bai murɗa su ya naɗe da salatif kawai ba, sai da ya like su da dalma. Akwai kuma wata siririyar waya shuɗiya, ita ce ke tashin amfilifaya in an kunna mota, ta kwantar da ita in an kashe. Ya ce in aka jona ta inda wuta ba ta ɗaukewa, amfilifaya za ta kwana a farke, da safe a nemi masu turi.

Inda ya fi daɗewa, inda ni ma na fi so mai karatu ya tsaya, shi ne babbar wayar wuta. Ita ce ke tasowa daga batir a gaban mota, ta ratsa bangon ƙarfen da ke tsakanin inji da mazauna, ta bi ƙarƙashin kafet har but. Amfilifaya irin tawa in kiɗa ya yi nauyi tana iya jan amfiya 25 zuwa 30. Altanetar ƙaramar mota, wato na'urar da ke cajin batir, abin da take bayarwa kamar 80 zuwa 100 ne, kuma a ciki fitilu da fankar inji da AC suke ci. Ya ce tawa za ta ɗauka babu damuwa, amma da na biye wa yaron shago, da duk bugun ganga sai fitilun mota sun lumshe.

Ya ɗauko wayoyi biyu, duka jajaye, duka kaurinsu ɗaya a ido, duka an rubuta lamba 8. A lissafinsu, in lamba ta yi ƙasa waya ta fi kauri, lamba 4 ta fi lamba 8. Ya fere bakinsu ya kankare da wuƙa. Ɗaya ja ce har ciki. Ɗayar yana kankarewa sai ga fari ya bayyana. Ya ce, "Hajiya kin gani? Wannan jan ƙarfe ne zalla. Wannan kuwa alminiyom ne aka yi masa wanka da jan ƙarfe, kamar sarƙar gwal ɗin da ake sayarwa a faranti. Wutar da take ɗauka ba ta kai kashi biyu cikin uku na waccan ba, ragowar zafi take zama." Kuɗin ta gaskiyar ya kusa ninka na ɗayar. Na biya ban yi ciniki ba, don ni na san waɗanda suke zama a kujerar baya, ƙafafunsu a kan kafet ɗin nan.

Daga nan sai fiyus. Ya auna daga gwiwar hannunsa zuwa ɗan yatsa, kamu ɗaya, kamar inci 18, ya ce kada fiyus ya wuce nan daga batir, in ya fi kusa ma ya fi. Na ce ai na ga amfilifayar tana da nata fiyus a jiki. Ya ce wancan kanta yake karewa, wannan kuwa motar yake karewa da mutanen ciki. Jikin mota gaba ɗaya nagatif ne. In wata rana girgizar hanya ta sa ƙarfe ya goge rigar wayar nan har suka haɗu, batir zai juye ɗaruruwan amfiya a cikinta lokaci guda, ta yi ja kamar garwashi tun daga gaba har baya. In akwai fiyus kusa da batir, shi zai tsinke, magana ta ƙare. In babu, kafet da soso su ne makamashi. Shi ya sa inda wayar ta ratsa bangon ƙarfe ya bi da ita ta cikin zoben roba. Ya kuma ja min kunne, in fiyus ya ƙone kada in yarda wani ya naɗa masa silin waya ko takardar sigari ya ce mu je, a nemo abin da ya ƙona shi tukuna.

Wayar nagatif ta amfilifaya gajeriya ya yi ta, ya kankare fenti a jikin but har ƙarfe ya fito fes, ya ɗaure da noti. Ya ce in wannan ba ta kamu da kyau ba, za ki riƙa jin wani siririn kuka a sifika, kina taka totur yana ƙaruwa. Saboda gudun kukan nan ne ma ya bi da wayar wuta ta gefen hagu, wayar sauti ta gefen dama.

Da aka zo kan akwati ne na ajiye biro. Ya ce wufa in ba ta cikin akwati ba ta da murya, domin lokacin da fuskarta take tura iska gaba, bayanta yana ja, sai su kashe juna. Dole a tsare iskar baya a cikin katako mai kauri wanda ba ya yoyo. Akwai akwati mai rami, ya fi ƙara, shi samari suke so. Akwai rufaffe ruf, ya fi ƙanƙanta, bugunsa a tsuke yake, ba ya jan jela. Yana cikin bayani sai na ga gwaggona a idona, ta kife masaki a ruwa, tana ɗan ɗaga gefensa ta saki iska har sai muryar ta zauna yadda take so. Na ce, "Malam, ai wannan ƙwarya ce a baho." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi Hajiya ita ce." Matan gidanmu da ba su taɓa shiga aji ba sun san cewa kaurin sauti yana cikin iskar da aka tsare. Na zaɓi rufaffen.

Ya ɗaure akwatin da bel a jikin mota, don kada a taka birki ya taho. Amfilifayar ya kafa ta a bayan kujera inda iska za ta same ta, ya ce zafin Kano na watan Afrilu da ke haura digiri 40 ya ishe ta, kada in ƙara mata da lulluɓi. Ya hana ni abu ɗaya baki ɗaya, ajiye jarkar fetur a but, abin da kowa yake yi in ana wahalar mai. Asarar da na yi ita ce gurbin katan ɗaya na littattafai.

Saiti ne ƙarshe. Akwai wani ɗan abin murɗawa a jikin amfilifaya da ake kira gen, mutane suna ɗaukarsa maɓallin ƙara murya, su murɗe shi har ƙarshe. Ya ce aikinsa daidaita bakin amfilifaya da abin da rediyo yake ba ta, in ya wuce kima sauti yana yagewa, zaren cikin wufa ya yi zafi ya ƙone, ka ji ƙauri. Ya kai rediyo kashi uku cikin huɗu, ya riƙa ɗaga gen a hankali har ya ji alamar ɓaci, ya dawo baya. Ya saita matatar a kan 80, wato duk sautin da ya haura girgiza 80 a sakan a bar wa sifikun ƙofa. Ya kuma rage bes a jikin rediyon don su huta. Sannan ya ce in kawo waƙar da na fi sani a duniya, don kunnena ne zai yi hukunci.

Gaskiyar abin da na samu ita ce, wufa ba ta ƙirƙirar abin da ba a ɗauka ba. Tsofaffin waƙoƙin da aka kwafo daga kaset, irin na Shata da Ɗanƙwairo, ɗan nauyi suka ƙara kawai, domin na'urorin da suka ɗauke su ba su kama ƙasan sosai ba, shi kansa kalangu kuma yawancin muryarsa a sama da inda wufa take aiki yake. Waƙoƙin sutudiyo da aka yi da fiyano tun zamanin finafinan ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau, su kam cike suke da shi. Kiɗan ƙwarya kuwa, in an dace da ɗauka mai kyau, sai ka ce bahon yana bayanka. Abin da ban zata ba shi ne, muryar rediyon da nake kaiwa 22 a kan hanya yanzu a 12 nake barin ta. Ashe ƙasan da ba na ji ne yake sa ni ƙarawa. Yanzu ana kiɗa muna hira da yara babu mai ɗaga murya, ciwon kan ma ya tafi.

Bayan wata biyu muka je ɗauko Innarmu za a duba mata ido a Kano. Tana kujerar baya, mun baro Funtuwa kaɗan na sa amada can ƙasa-ƙasa. Sai na hango ta a madubi ta ɗora tafin hannunta a kan kujera. Ta ce, "Ke 'yar nan, wa ke kiɗa a bayan motar nan?" Yara suka fashe da dariya, ita ba ta yi ba. Can sai ta fara: wance ce take riƙe masaki a bikin wane, wance in ta sa hannu har maƙwabta sun san ita ce, ranar sunana ruwan sama ya sauko aka ja bahon zuwa zaure aka ci gaba. Matan da take lissafowa kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Inna mace ce mai kawaici, shekara da shekaru ina neman labarin nan a bakinta ba na samu, sai ga shi tun daga Funtuwa har Kwanar Ɗangora ba ta yi shiru ba. Da muka isa gida ban kwanta ba sai da na rubuta duk abin da na riƙe.

Amma kada daɗin wannan ya sa in ɓoye ɗaya gefen, don waɗanda suke tsine wa masu wufa suna da hujja. Sauti mai kauri dogon zango gare shi, yarona ya ce wanda ke girgiza sau 40 a sakan tsawon taguwarsa ɗaya ya kai mita 8 da rabi, shi ya sa gini ba ya tare shi yadda yake tare siriri. Kai a cikin mota waƙa kake ji, mai jego da ke cikin ɗaki da tsoho mai hawan jini dukan ƙirji kawai yake isar musu. Don haka na sa aka jawo min ɗan maɓallin wufar zuwa ƙasan sitiyari. In na shigo layinmu, ko na zo kusa da asibiti, ko na hango rumfar zaman makoki, murɗe shi nake yi gaba ɗaya. A cikin gari ma ba na ɗagawa, don mai tuƙi tsakanin 'yan adaidaita sahu yana bukatar kunnensa kamar yadda yake bukatar idonsa.

Shi kunnen ma amana ne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. A ƙiyasinta, sautin da ya kai ma'aunin desibel 80 mutum zai iya jin sa awa 40 a mako, in ya kai 90 kuwa awa 4 kacal. Mota rufaffiya mai wufa tana wuce 90 cikin sauƙi, kuma 'yan gashin cikin kunne da suke kama sauti in suka mutu ba sa sake tsirowa. Dokar da na kafa wa mai karatun lantarki in ya ari motar ita ce, in ba zai iya jin maganar na kusa da shi ba, to ya yi yawa. In kuma na ji shi tun daga bakin layi, makulli ya dawo jakata na wata guda.

'Yar uwa, in kina da sha'awar irin wannan, kada kunya ta hana ki, kuma kada ki miƙa makulli ki tafi kasuwa. Ki zauna a benci, ki ce a kankare miki waya ki ga cikinta, a nuna miki fiyus kusa da batir, a nuna miki zoben roba inda waya ta ratsa ƙarfe. Mai aikin kirki ba ya jin haushin tambaya, wanda ya ɓata rai kuwa ya ba ki amsa, sai ki ja motarki ki ƙara gaba.

Masu tambayar ci gaban labarinmu su ƙara haƙuri, yana nan tafe. Sai mun haɗu, a gaida mutanen gida.